Neman shawara: na zuba kuɗi a injin motata, yanzu dillalai suna karya mata farashi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai waɗanda suka san ni a nan.

Ina da BMW 335i ƙirar 2009, baƙa, mai giyar otomatik. Na saye ta a 2022 a hannun wani abokin yayana da ya shigo da ita ta Kwatano. Lokacin ina aiki da wani kamfani a Sharaɗa, albashi yana shigowa, ba mata ba ɗa. Tun ina sakandare nake son wannan motar. Hajiyarmu ba ta so ba, ita so take in sayi fili a Rijiyar Zaki, sai da yayana ya yi ta lallashinta kafin ta sa albarka. Da ta zo hannuna na yi mata aiki: an sake mata saitin birenbos (kwamfutar da ke sarrafa injin), an sa babbar intakula (mai sanyaya iskar da tarbo ke turawa cikin injin), an canja bututun salansa tun daga bakin tarbo, an cire indomi (matacin hayaƙin da ke cikin salansa), an sa mata abin shaƙar iska na waje. Kusan miliyan 2 da rabi na kashe, kuma kaya ne masu kyau, wani abokina ya turo min daga Dubai.

Yanzu al'amura sun canja. An rage mu daga aiki bara, an sa ranar aurena bayan Babbar Sallah, lefe bai haɗu ba, mai gidan da na kama a Hotoro kuma ya ce shekara biyu zan biya a dunƙule. Iyayen yarinyar mutanen kirki ne, ba su matsa min ba, amma kawunta ya fara magana. Shi ya sa na sa motar a kasuwa. Miliyan 11 nake nema, mafi tsokar tayi da na samu miliyan 7. Wani dillali a Zoo Road ya buɗe bonet, ya ga jan abin shaƙar iskar, ya ce in tayar. Yana jin ƙarar salansa ya mayar da bonet ya rufe, ya goge hannunsa da hankici ya ce, "Yallaɓai, wannan ai an taɓa ta." Ko zagayawa bai yi da ita ba.

Ni abin da ya ɗaure min kai, yaya za a ce motar da aka ƙara wa ƙarfi ta fi wadda ba a taɓa ba araha? Wallahi ba na iya barci. Ku ba ni shawara.

Alhaji Mai Motoci:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, zauna in gaya maka gaskiya, don sana'ata ce. Kuɗin da ka zuba a injin nan ba zai dawo ba. Daɗin tuƙin da ka ji shi ne ribarka. Kamar babbar riga ce da ka ɗinka daidai jikinka, ka sa aka yi mata aikin da ranka yake so. Ranar da ka kai ta gwanjo ba mai biyan ka kuɗin zare.

Mai sayen mota a Kano abu uku yake tambaya: takardun kwastan, shan mai, da ko an taɓa injin. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, ko silinda shida ta lafiya sai mun yi da gaske take fita, kowa Corolla da Vibe yake nema. Kai kuma ka kawo mai tarbo biyu, an buɗe mata salansa. Duk wanda ya ji ƙarar nan zai ce da ita ake wasan mota a wajen biki. Wanda ya taya maka 7 ma ya yi ƙoƙari. Kasuwa a kai miki dole.

Mai tambaya:
Alhaji ni ban taɓa wasan mota da ita ba. Daga gida sai ofis, sai ranar Asabar in hau titin Zariya in ɗan buɗe ta. Baƙin mai ma na roba zalla (sintetik) nake sa mata, ba na jira lokacin canji ya yi.

Alhaji Mai Motoci:
Na yarda da kai, amma mai saye bai san ka ba. Ƙarar yake ji.

Oga Bakanike:
Bari in yi bayanin abin da dillalin ya gudar wa, don ba jahilci ba ne. Injin motar nan N54 ne, lita 3, silinda shida a jere, tarbo biyu, daga kamfani ƙarfin doki 300 yake bayarwa. Injin ne mai ƙwari, shi ya sa masu ƙara ƙarfi a duniya suke son sa. Amma sabon saitin da aka zuba a birenbos umarni yake ba tarbo ta ƙara tura iska, iska da yawa kuma zafi ne da yawa a cikin silinda. Yawancin irin wannan saitin an yi shi ne don fetur mai lambar inganci (oktan) 93 na Amurka, wanda a lissafin Turai kusan 98 ne. Mu a gidajen manmu fetur iri ɗaya ake sayarwa, kuma bai kai nan ba. Haɗa wannan da zafin Kano na Afrilu, ma'auni ya wuce 40, ga AC a kunne, ga cunkoson Kofar Nassarawa. Man sai ya riƙa kamawa da wuta kafin lokacinsa, fistin yana shan duka ba ka ji. Filogi da koyil suna saurin mutuwa, giyabos yana ɗaukar nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Mai saye ba shi da hanyar sanin nawa injin ya ci daga kwanansa, sai ya cire kuɗin sabon injin daga tayin da zai yi maka.

Kuma tun tana yadda kamfani ya yi ta an san ta da matsalar famfon mai, har a 2010 BMW ta kira motoci masu wannan injin a Amurka a kansa. Duk bakaniken da aka turo ya duba ta ya san wannan.

Tambayata: kilomita nawa ta ci? Saitin wace lamba aka zuba? Ina kayanta na asali da aka cire, musamman indomi?

Mai tambaya:
Oga yaron da ya yi min saitin ya san aikinsa, motocin manyan yara yake yi har Abuja. Kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa nuna min wutar cek injin ba.

Oga Bakanike:
Motar da aka cire wa indomi dole ta kunna wutar nan. In ba ta kunna ba, kashe ta aka yi a cikin saitin. Wannan ma abin tsoro ne ga mai saye, don zai ce me kuma aka kashe? Ba ka amsa min sauran ba.

Baban Khalifa:
Ni maganar indomin nan ce ta taɓa min inda yake min ciwo. Na kai Honda ta wani gareji don a gyara ƙafa kawai, ta kwana biyu a can. Da na karɓo sai shan mai ya ƙaru, ƙara ta canja, wari yana shigowa ciki. Ashe sun yanke salansa sun kwashe indomin sun yi walda sun shafa baƙin fenti. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa irin su filatinom, shi ya sa ake sayensa. Na koma, mai garejin ya rantse ba a wajensa aka yi ba. Har yau ban huce ba. Jama'a ku riƙa tsayawa a kan motocinku.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri in sa baki. Masu buɗe salansar nan ba ku san abin da kuke yi wa mutane ba. A layinmu a Gadon Ƙaya akwai wani yaro, ƙarfe ɗayan dare zai shigo yana ta harbi da salansa kamar bindiga. Mahaifiyata tana da hawan jini, firgigit take tashi. An kai ƙara wajen mai unguwa, uban ya ce zai yi magana, shiru.

Mai tambaya:
Hajiya Allah Ya ba Mama lafiya, amma tawa ba ta harbi. Ƙararta mai kauri ce kawai.

Ɗan Gayu:
Malam kar ka saurari masu karya maka gwiwa. Ba a kai irin wannan motar wajen dillalan Corolla. Ka ɗauki bidiyo mai kyau ka sa a Instagram da shafin saye da sayarwa na Jiji, ka nufi 'yan Abuja da Legas. Wanda ya san N54 zai ji daɗi an riga an yi masa aikin. Na san wanda ya sayar da tasa sama da yadda ya saya.

Alhaji Mai Motoci:
Sama da yadda ya saya, don Naira ta faɗi, ba don salansa ba. Kowace mota ta tashi tun 2023. Kuma waɗannan yaran na Abuja su ne suka fi kowa taya da wulaƙanci, don sun san abin da saiti yake yi wa injin. Mai son ƙara ƙarfi wadda ba a taɓa ba yake nema, ya yi abinsa da hannunsa. Za su sa ka ƙona mai ka je Abuja, su zaga da ita su more, su ce za su kira ka. Ni dai na faɗa maka: mayar da ita yadda take, ka sayar da intakula da bututun daban, ko rabin kuɗinsu ka samu ka gode Allah.

Abba Na Kabuga:
Hanya mai sauƙi, a mayar da saitin kamfani, a nemo salansa ta Beljiyam a Kofar Ruwa a ɗaura, a wanke injin. Ka kai ta wani layin dillalai da ba su san ta ba. Ba sai ka ce komai ba.

Abu Hanif:
Subhanallah. Abba wannan ba shawara ba ce. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Mayar da kayan asali ba laifi, amma in mai saye ya tambaya ko an taɓa injin, dole a faɗa masa, in akwai aibin da aka sani kuma a bayyana ko bai tambaya ba. Kuɗin aure za a yi da shi fa. Ɗan uwa, rage lefen ka je ka sami kawun nan ku yi magana ta fahimta, ya fi maka.

Mai tambaya:
Malam ba zan ɓoye wa kowa komai ba, ni alfahari ma nake da aikin. Maganar kayan asali, indomin wanda ya yi min aikin ya karɓa a madadin kuɗin hannunsa, sauran kuma suna gidan yayana, sai na duba ko suna nan tun da suka yi ƙaura. Na tambayi kuɗin indomi na asali a Kofar Ruwa, in na saya me ya rage min? Kuma in na mayar da ita yadda take, miliyan 2 da rabi ɗina sun tafi a banza ke nan.

Alhaji Mai Motoci:
Sun riga sun tafi, ƙanina. Tun ranar da aka ɗaura su.

Oga Bakanike:
Kawo ta a sa mata kwamfuta, a auna ƙarfin matsin kowace silinda, a duba tarbo ko tana zubar da baƙin mai. In sakamakon ya yi kyau ka riƙe takardar ka nuna wa mai saye, ita ce kaɗai za ta ɗaga maka farashi. Har yanzu ba ka faɗi kilomita ba.

Mai tambaya:
Motar lafiyarta ƙalau Oga, ɗan hayaƙin da take yi da safe kowace mota tana yi. Wani daga Abuja ya yi min magana yanzu, ya ce zai shigo ranar Asabar. Akwai wanda ya san inda za a rage mata ƙara kaɗan ba tare da an taɓa saitin ba?

Oga Bakanike:
Hayaƙin wane launi ne, fari ko shuɗi?

Alhaji Mai Motoci:
In ɗan Abujan bai zo ba ka neme ni ta wajen admin. Zan sa 7 da dubu 300, amma sai yarona ya duba ta tukuna.