Neman shawara: a taku huɗu ake gamawa da ni a wasan ces

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan Ƙofar Marusa ne, da darar ramuka na tashi. Tun da na ga labarin Tunde Onakoya, wanda ya yi awa 60 yana buga ces a New York a 2024, na sa wa raina sai na iya. Wata biyu ke nan muna bugawa bayan Isha'i a teburin mai shayinmu, amma akwai wani ɗalibi da in ya riƙe farare ba na kai ko'ina. Ya tura soja e4, in tura e5 (kowane gida a allon ana kiransa da harafi da lamba). Ya kai sarauniya h5, in fito da doki c6. Ya kai giwa c4, in fito da ɗaya dokin f6 don in kore ta, sai ta cinye sojan f7, wasa ya ƙare. Abin yana ci mani rai ƙwarai. Sannan jiya mun yi gardama: na shigar da sarki gida (takun da sarki da hasumiya ke motsawa tare) alhali giwarsa tana hararar hasumiyata, ya ce doka ta hana. Don Allah a taimaka.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam ƙanena. Dubi f7 kafin a fara wasa, babu mai gadinsa sai sarki shi kaɗai, shi ya sa ake haɗa masa giwa da sarauniya. Takunka biyu na farko daidai ne. A na uku, maimakon doki, tura soja g6. Dole ta ja baya, galibi f3 take komawa ta sake auna f7 ɗin, to a nan ne za ka sa doki f6 ka toshe mata hanya. Amma kar ka yi gaggawar g6 kafin dokin c6 ya fito, za ta cinye sojan e5 da cek (wato hari kan sarki) ta wuce da hasumiyarka ta h8. Na ga an yi wa mutane da yawa wannan.

Malam na Rafindadi: Kan gardamar, kai ke da gaskiya. Ana harin hasumiya bai hana komai ba. Abin da ke hanawa: in sarki ko hasumiyar sun taɓa motsawa, in akwai wani a tsakaninsu, in sarki yana cikin cek, ko zai ratsa ko ya sauka a gidan da ake hari.

Ɗan Daura: Ka bar e5 ɗin gaba ɗaya, ka koyi Sisiliyan. Ya buga e4 ka amsa da c5, manyan 'yan wasa shi suke yi.

Baban Ummi: Haba ɗan uwa, wata biyu fa ya ce. Sisiliyan buɗi ne mai kyau, amma rassansa sun yi wa sabon shiga yawa, zai haddace taku goma, abokin wasa ya kauce a na uku ya bar shi a tsaye. Ya zauna kan e5. In shi ke da farare ya yi buɗin Italiya: e4, doki f3, giwa c4, ya shigar da sarki gida, sarauniya ta jira tukuna. Kuma duk takun da aka yi masa, kafin ya ɗaga hannu ya tambayi kansa me wancan yake nufin ci.

Maman Sadik: Yarana suna bugawa, kuma a kan abu ɗaya suke faɗa kullum, wato taɓawa. A doka, wanda ka taɓa da niyya shi za ka motsa muddin yana da wurin zuwa. Ku yarda da wannan tun kafin ku zauna. Ka riƙe lissafin musaya kuma: soja 1, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Manhajar ces ta Lichess kyauta ce a waya, akwai atisaye a ciki.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Daren jiya na gwada g6, ya daɗe yana kallon allon kafin ya ja sarauniyar. Mun wuce taku talatin. Ya ci ni dai, dokinsa ya sauka a c7 ya haɗa mani sarki da hasumiya a hari ɗaya.

Baban Ummi: Sarkinka yana e8 har lokacin ke nan. Gobe ka tafi da biro da takarda, ka rubuta kowane taku, ka kawo mana mu ga inda ya kamata ka shigar da shi gida.