Wace manhaja ce ta fi dacewa da muhawarar ɗalibai bayan an tashi daga aji?

Malamar Tarihi:
Assalamu alaikum, malamai. Ɗalibaina sun kai sittin, amma idan na jefa tambaya a aji mutum biyar ko shida ne kawai suke magana, sauran kuwa sai su zuba mini ido. Na buɗe musu zaure a WhatsApp domin su ci gaba da tattaunawa, sai na tarar amsa mai ma'ana tana nutsewa a cikin gaishe-gaishe. Tsakanin Zoom, Google Classroom da Moodle, wanne kuke ganin zai sa masu kunya su yi magana?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malama. A ganina ki ajiye Zoom gefe tukuna, domin yana buƙatar kowa ya hallara a lokaci guda da intanet mai ƙarfi, kuma na kyauta yana yankewa bayan minti 40. Uwa uba, waɗanda suka mamaye magana a aji su ne za su mamaye ta a can. Ɗalibi mai kunya yana buƙatar lokacin da zai yi tunani kafin ya rubuta.

Malamar Adabi:
Na yi amfani da sauran biyun, kuma na fi karkata ga Moodle, wanda Martin Dougiamas na Ostireliya ya fitar a 2002. Yana da wani tsari na tambaya da amsa inda ɗalibi ba zai ga abin da 'yan uwansa suka rubuta ba sai ya ajiye tasa amsar, wanda hakan yake rage kwafe da bin ra'ayin na farko. Kowace amsa tana zama a ƙarƙashin maganar da aka mayar wa martani, ana kuma iya ba ta maki a nan take. Wahalarsa ita ce dole makaranta ta tanadi inda za a girka shi da wanda zai kula da shi. Google Classroom ya fi sauƙin farawa, amma idan muhawara ta yi tsawo bin zarenta yana da wuya.

Malamin Lissafi:
Duk wanda kika zaɓa, Malama, ki riƙa adana kwafin rubutun ɗalibai, domin Edmodo, wani dandalin karatu na intanet da malamai da yawa suka dogara da shi, an rufe shi a 2022. Ki kuma tuna cewa a zauren WhatsApp kowa yana ganin lambar wayar kowa.

Malamar Tarihi:
Na gode ƙwarai. Makarantarmu ba ta da Moodle, saboda haka zan fara da Google Classroom a wannan zangon.