Neman kalmar Hausa: abin da ake sa wa tsohon gida don ya riƙe ɗumi

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara rahoton da za a karanta a rediyo gobe da safe kan tsofaffin gidajen Ingila, sai kalmar insuleshin ta gagare ni. Kusan ɗaya cikin biyar na gidajen ƙasar an gina su ne kafin 1919, da bangon jan bulo wanda ba a bar masa sarari a tsakiya ba, kuma tun da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022 masu gidajen ke ta shimfiɗa wani abu mai kama da auduga a saman silin, kaurinsa milimita 270, don ɗumin ɗaki ya daina zurarewa ta rufi. Me zan kira shi?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Ki ce makarin sanyi.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, makari karya abu yake yi, shi kuwa wannan ba ya karya komai. Iska ce yake tsarewa a tsakanin zarurrukansa, kuma iskar da ba ta motsi ba ta saurin miƙa zafi, saboda haka jinkirta wucewar zafi kawai yake yi, ko daga ciki zuwa waje ko daga waje zuwa ciki. Gidan da ba a yi masa ba kan yi asarar kusan rubu'in ɗuminsa ta rufi, sulusi kuma ta bango. Ni shamakin zafi nake gani.

Baban Zaure: Me ya kai mu wannan dogon zagaye alhali ga bargon gini? Na daɗe ina faɗarsa, kuma ban taɓa ganin wanda ya ji ya nemi ƙarin bayani ba.

Injiniya: Baba, mutumin Sakkwato da ke kwana ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, idan aka ce ya sa wa gidansa bargo, zai ɗauka ba'a ake masa, alhali shi ma yana bukatar abin nan.

Baban Zaure: Ɗana, ka je ka dubi mai sayar da ƙanƙara, da me yake lulluɓe ta? Buhu da tsohon bargo, ya danne da garin katako, ta yini ba ta narke ba. Hikimar da kake karanta mana daga littafi tana nan a bakin kasuwa. Haka magina suka yi soro da tubali da azara, suka danƙara ƙasa a kai, ɗaki ya yi sanyi da bazara, ya yi ɗumi da hunturu, kafin mu rushe mu sa kwano muna kiransa ci gaba.

Injiniya: Soro wani aikin ne daban, Baba. Kaurin ƙasar ne ke shanye zafin rana, ya sako shi cikin dare.

'Yar Damagaram: Mu a nan masu aikin gini izolasiyo suke cewa, daga Faransanci, kuma gini bai tsaya ba. Ku bar ta da insuleshin ɗinta.

Malamin Hausa: Hajiya, wannan ne ba zan lamunta ba. Harshen da ya ƙirƙiro kalmomin jirgin sama da na'urar sanyaya ɗaki bai kamata ya durƙusa gaban kalma guda ba, kuma idan kowace tasha ta ari abin da Turawan mulkin mallakarta suka bari, mai sauraro a Maraɗi da na Katsina za su wayi gari ba sa fahimtar juna.

'Yar Damagaram: To, Malam, silin da gas da rediyo da ke cikin tambayar daga wane kakanmu muka gaje su? Kullum Hausar Kano ce ma'auni, tamu kuma sai a ce karin harshe.

Malamin Hausa: Ban ambaci Kano ba. Amma tunda an kawo ta, Shamaki sarauta ce a fadarta, don haka ita ma kalmar Injiniya tana da nata nauyin.

Injiniya: Duk wanda ya ji an ce shiga babu shamaki ya san ba fada ake nufi ba.

Mai Fassara: Na gode muku. Zan ce shamakin zafi, a karon farko in ƙara da cewa wani abu ne kamar bargo da ake shimfiɗawa a saman silin ko a liƙa a bango. Sai dai a ƙarshen rahoton an yi gargaɗi kan tsofaffin wayoyin lantarki da robarsu ta mutu, kuma da kalmar nan ta insuleshin aka kira robar.

Injiniya: Wannan rigar waya ce, kada ki haɗa su.

Baban Zaure: Waya ta samu riga, an hana gini bargo. Ki karanta shamakinki, 'yata, ni dai ba zan canza ba.

Malamin Hausa: Na amince na gobe kawai. Kafin a sa ta cikin ƙamus sai an sake zama.