Kotun ɗaukaka ƙara ta Nunabut: su wa ke zama a cikinta?

Habsatu, Maradi:
Salamu alaikum malamai. Yankin Nunabut na arewacin Kanada, wanda babu titin mota tsakanin garuruwansa, in mutum bai gamsu da hukunci ba, ina yake kai kukansa?

Malam Issufu:
Wa alaikumus salam, 'yata. Tun kafa yankin ranar 1 ga Afrilu 1999, kotun shari'ar farko ɗaya ce, alƙalanta kuma da jirgin sama suke zagaya garuruwa. A samanta akwai kotun ɗaukaka ƙara, mazauninta Ikaluwit, babban birnin yankin. Akasarin alƙalanta na babbar kotun ɗaukaka ƙara ta lardin Alberta ne, babban alƙalin Alberta kuma shi ne shugabanta. Galibi uku-uku suke zama.

Lauya Rabi'u:
Gaskiya ne, Malam. Ƙanwata, ga inda mutane ke faɗuwa: wa'adin shigar da takardar ƙara yawanci kwana 30 ne, wanda ya wuce sai ya roƙi ƙarin lokaci tare da hujja. Kuma ba sabuwar shari'a ba ce. Ba a sake kiran shaidu. Rubutaccen bayanin zaman farko ake dubawa, a ga ko alƙali ya kuskure doka. Shi ya sa fassara ke damuna: shaidar da aka bayar da harshen Inuktitut na 'yan asalin yankin, in tafinta ya karkace, karkataccen ne zai isa gaban alƙalan.

Habsatu:
Daga nan an gama ke nan?

Malam Issufu:
Saura Kotun Ƙolin Kanada a Ottawa, mai alƙalai tara. Galibi sai an nemi izininta cikin kwana 60, kuma kaɗan take karɓa.