Wuƙata tana tsagewa wajen tsoma ta a ruwa, ina mafita?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa maƙera da masu sha'awar ƙira. Wata matsala ce ta sha mini kai.

Ina ƙera wuƙaƙen shiga daji, na fiɗa da yanke igiya, da tsohon sifirin na mota. Wajen bugu da fitar da tsini ba ni da damuwa. Sai an zo ba ta tauri ake yin ta. Ina hura gawayin ƙirya har ƙarfen ya yi ja, ya daina kama maganaɗisu (an ce wajen digiri 770 ke nan), sai in tsoma a ruwa. Wuƙa uku a jere ina jin "ƙas" tun tana cikin bokiti. In na goge, sai in ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga kaifi ta nufi gadon baya. Ta ƙarshen ta fi ba ni haushi, don har na riga na fafe mata ƙotar ƙaho.

Na koma tsomawa a baƙin mai. Tsagewa ta daina, amma magagari yana cin bakin kamar ba a yi komai ba, wato bai yi tauri ba, ga hayaƙi mai sa tari.

To ina laifin yake? Sirinta bakin nake yi da yawa kafin tsomawa, ko kuwa sifirin ɗin ne ya zo da tsagarsa tun daga jikin mota? Wanda ya taɓa gwada man gyaɗa mai ɗumi, don Allah ya faɗa mini yadda ta kaya.