Idan gobara ta ci kayan ɗan haya, wa zai biya?

Abban Khadija, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina haya a wani gida mai sassa huɗu, kuma a hunturun da ya wuce wuta ta tashi cikin dare a sashen maƙwabcina, daga kaskon garwashin da aka bari don ɗumama ɗakin yara. Allah ya tsare rayuka, amma gado da katifa da kujerun da aka yi wa matarsa jere da su duk sun ƙone, har da keken ɗinkin da take sana'a da shi, wanda na gani da safe a tsakar gida ya yi baƙi ƙirin. Mai gidan ya ce gidan yana da inshora, an kuma gyara rufi da silin, amma maƙwabcina bai sami ko kwabo ba. Shin zaluntarsa aka yi? Kuma akwai inshorar da ɗan haya zai yi wa kayansa?

Baban Sadik, Rafindadi:
Wa alaikumus salam, Allah ya mayar masa da alheri. Malam, ba zalunci ba ne, domin mutum yana yi wa abin da ya mallaka inshora ne, saboda haka ta mai gida ta tsaya ga gini, kayan cikin ɗaki kuwa nauyinsu yana wuyan mai su. Kamfanoni suna da tsari na daban don kayan cikin gida, wanda yakan ƙunshi gobara da tsawa da satar da aka fasa ƙofa ko taga aka shiga, wani lokaci kuma har da ambaliya da iska mai yaye rufi, idan an rubuta su a yarjejeniyar.

Inda mutane suke faɗawa rami shi ne wurin ƙiyasta darajar kaya. Wani yakan rage ta don ya biya kuɗi kaɗan, alhali kamfani yana biyan diyya ne gwargwadon abin da aka rubuta. Misali, idan kayanka sun kai naira miliyan 2 ka rubuta miliyan 1, sannan wuta ta ci na naira 600,000, to naira 300,000 za ka karɓa, tunda rabi ka yi wa inshora. Haka nan galibi ana cire kuɗin tsufan kaya, ba za a biya ka firjin shekara shida a farashin sabo ba sai an yi yarjejeniya a kan haka tun farko. Sannan ƙa'ida ce a Najeriya cewa inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, don haka alkawarin wakili na baki ba ya kare ka.

Maman Ihsan, Sabuwar Unguwa:
Ni abin da ya daɗe yana hana mu shi ne shakka ta fuskar addini, har sai da muka ji bayanin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci. A nan kuɗin da ka bayar gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, daga ciki ake biyan wanda asara ta sama, kamfani yana karɓar ladan kula da asusun, idan an sami rara kuma a raba wa mahalarta. Hukumar NAICOM mai kula da inshora ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Amma ina jan hankalin 'yan'uwana mata a kan sarƙa da awarwaron zinare: sai an ambace su ɗaya bayan ɗaya da darajarsu, in ba haka ba abin da za a biya a kansu kaɗan ne ƙwarai. Keken ɗinkin sana'a ma a bayyana shi, domin ba kowane kamfani ne yake lissafa kayan sana'a cikin kayan gida ba.

Abban Khadija:
Na gode ƙwarai, Malam, na gode Hajiya. To babur ɗina da nake kwanar da shi a soro, da kuɗin da ke cikin akwati fa? Kuma rasit ɗin yawancin kayanmu ya ɓace tun bayan biki.

Baban Sadik:
Babur yana da tasa inshorar ta abin hawa, tsabar kuɗi kuwa yawanci ba ta shiga, gara ta kwana a banki. Batun rasit, ka bi ɗaki-ɗaki ka ɗauki hoton komai da wayarka, har da lambar da ke bayan talabijin da firji da janareto, ka aika wa wani ɗan'uwa ya ajiye, kada shaidar ta ƙone tare da kayan. Idan abu ya faru, Allah ya kiyaye, ka sanar da kamfani nan take, ka karɓi rahoton 'yan kwana-kwana ko na 'yan sanda, kuma kada ka zubar da ƙonannun kaya kafin mai ƙiyasta asara ya zo ya gani. Ka kuma tambaye su ko tsarin zai biya idan wutar daga sashenka ta tashi ta taɓa na maƙwabta ko ginin mai gida, domin a gidan haya irin naku bango ɗaya ne ya raba ku.