Musayar waƙa: gidan dutse na Weston

Baban Amira:
Salamu alaikum. Yau kan asibitin masu taɓin hankali na Weston za mu yi, a jihar West Virginia ta Amurka. Amsa-amo "ya".

Da sunan Allah nake fara waƙa,
Kan wani gida can wata nahiya.
A 1858 aka sa harsashi,
Dutse aka sassaƙa ɗaya-ɗaya.
A 1864 aka buɗe ƙofa,
Yaƙin basasa na ci, ba a shirya.
Tsarin likita Kirkbride, dogayen ɓangarori,
Rana da iska su kawo lafiya.

Na-Fagge:
Baban Amira, ka yabi dutse,
Ka bar ɗan Adam can a baya.
Gurbin 250 aka gina,
Aka cusa 2,400 gaba ɗaya.
Ka tambayi Freeman, likita mai tsinke,
Ta kwarmin ido ya bi, ƙwaƙwalwa ta sha wuya.
Mai yabon gini bai kwana ciki ba,
Da ya kwana, da bakinsa ya juya.

Maman Sadiƙ:
Allah ya ja kwana, Na-Fagge! Fagge ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Malam Na-Zazzau:
Ku dakata. Ku furta 1858 da baki ku ji: dubu ɗaya da ɗari takwas da hamsin da takwas. Ɗango ɗaya ya ɗauki kayan uku, kari ya karye. Na-Fagge ma bai tsira ba.

Baban Amira:
Allah gafarta Malam, ajiye sikeli,
Shekara ba ta canzuwa don ƙirga gaɓa.

Malam Na-Zazzau:
Ga shi kuma ka saki amsa-amon da kai ka kafa. Ina "ya" a cikin "gaɓa"?

Maman Sadiƙ:
Malam, kullum gyara, ba mu taɓa ganin baitinka ko ɗaya ba.

Malam Na-Zazzau:
Maƙeri ba ya fita yaƙi, Hajiya,
Amma takobinsa ke kare zuriya.

Inna Ta-Damagaram:
Kwana uku ba na kusa, na dawo na tarar kuna awon gaɓa. Ba wanda ya faɗi yadda gidan ya ƙare.

'Ya'yana, ku saurara mini kaɗan,
Ni na san ciwon nan, na sha wuya.
A 1954 maganin Thorazine ya fito,
Aka fara sallamar masu jinya.
Shugaba Kennedy ya sa hannu a doka, 1963,
A kula da su kusa da gida, cikin al'umma ɗaya.
A 1994 aka sa kwaɗo,
Sauran aka kai sabon wuri jinya.
A 2007 aka yi gwanjonsa,
Dala miliyan ɗaya da rabi, an saya.
Yau baƙi ke biya su nemi fatalwa,
A ɗakin da wani ya yi kuka shi kaɗai, wannan abin kunya.
Ƙanena ya shekara biyu da mari,
Har yau sawunsa na ƙafarsa, kamar zobe ya kewaya.

Na-Fagge:
Inna, na sauke alƙalami. Yaya jikin nasa yanzu?

Inna Ta-Damagaram:
Da sauƙi, ɗana. Yana shan magani, yana ɗinki a shagon maƙwabcinmu. Shi ya ɗinka mini kayan sallar bana.